Larurar ADHD a manya: Me ya sa ganin likita ya fi shan magani wahala?

A watan Mayun 2025 Hukumar Lafiya ta Ingila, wato NHS, ta fitar da alƙaluman da suka tayar da muhawara a Birtaniya. Ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 2.5 ne ke ɗauke da larurar ADHD a Ingila, kuma waɗanda ke jiran a duba su sun kai 549,000. Kafin nan, a Yulin 2024, binciken BBC ya gano cewa aƙalla manya 196,000 ke kan layin jira, har ma a wasu yankunan sai an shafe shekara takwas kafin a kammala da waɗanda suka riga suka yi rajista.

Abin tambaya shi ne, ta yaya larurar da aka daɗe ana ɗauka ta yara ce ta zama abin da ya fi ƙarfin asibitocin manya a ƙasa mai arziki irin wannan?

Mece ce larurar?

ADHD larura ce da ke da alaƙa da yadda ƙwaƙwalwa ke girma, kuma tana bin jini sosai. Alamunta sun kasu gida biyu. Akwai kasa tattara hankali wuri guda, kamar yawan mantuwa, ɓatar da kaya, fara aiki a bar shi a rabi da kasa kiyaye lokaci. Akwai kuma rashin natsuwa da gaggawar aikata abu ba tare da tunani ba. Yaro yakan nuna ta da tsalle-tsalle a aji, amma a wajen babba takan koma ciki: zuciya ba ta hutawa, bashi ya taru, aiki ya kuɓuce, aure ya yi tsami.

An ɗauki shekaru ana zaton yaro na girma take barinsa. Sai a 2008 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta fitar da jagorar da ta haɗa da manya. A 2013 kuma kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya sassauta sharuɗɗa: wanda ya kai shekara 17 alamu biyar sun wadatar a maimakon shida, kuma ya isa a ce sun bayyana kafin shekara 12 a maimakon bakwai. Wannan ya buɗe ƙofa ga dubban mutanen da suka girma ana kiran su malalata ko marasa kan gado, musamman mata, waɗanda larurarsu ba ta cika zuwa da hayaniya ba.

Inda gizo ke saƙar

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da ADHD. Dole ƙwararre ya zauna da mutum na tsawon lokaci, ya bi tarihinsa tun ƙuruciya, ya ji ta bakin iyaye ko abokin zama, ya duba sakamakon makaranta idan akwai. Sai ya gamsu cewa alamun na bayyana a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da wurin aiki, kuma suna yi wa rayuwar mutum illa a zahiri. Sannan ya tabbatar ba damuwa ba ce, ko fargaba, ko rashin barci, ko shaye-shaye, domin dukkansu na iya kama da ita. Aiki ne mai cin lokaci, kuma an gina asibitocin manya ne a zamanin da masu zuwa ba su da yawa.

Bayan annobar korona buƙata ta yi tashin gwauron zabi. Zaman kulle ya rushe tsarin yau da kullum da mutane da yawa ke dogara da shi wajen ɓoye larurarsu, kafafen sada zumunta kuma suka cika da bayanai a kanta. Sai dai wani nazari da aka wallafa a Kanada a 2022 ya duba bidiyo 100 mafi farin jini kan ADHD a TikTok, ya gano kusan rabinsu na ɗauke da bayanan da ke ɓatar da mai kallo.

Da layin gwamnati ya toshe, masu hali suka koma asibitocin kuɗi. A Mayun 2023 shirin Panorama na BBC ya nuna yadda asibitoci uku masu zaman kansu suka shaida wa wakilinsa ta intanet cewa yana da larurar, alhali likitan NHS da ya yi masa dogon bincike ya ce ba shi da ita. Waɗanda suka fi shan wahalar abin da ya biyo baya su ne majinyata na gaskiya, domin wasu likitocin unguwa sun daina karɓar sakamakon asibitocin kuɗi, lamarin da ya bar mutane suna sayen magani da aljihunsu.

A Amurka ma haka abin yake. Hukumar CDC ta ƙiyasta cewa manya miliyan 15.5 ke da larurar a 2023, kuma kusan rabinsu sai da suka girma aka gano. An sassauta dokar rubuta magani ta intanet lokacin korona, amma a Yunin 2024 hukumomi suka kama shugabannin wani kamfanin jinya ta intanet bisa zargin raba maganin Adderall barkatai.

Magani da hatsarinsa

Magungunan da ake fara bai wa manya a Ingila su ne methylphenidate da lisdexamfetamine, masu ƙara kuzarin sassan ƙwaƙwalwa da ke kula da natsuwa. Akwai atomoxetine ga wanda waɗannan ba su karɓe shi ba. Ana auna hawan jini da bugun zuciya kafin farawa, a riƙa ƙara ƙima a hankali, sannan a haɗa da shawarwarin tsara lokaci da sauƙaƙa yanayin aiki.

Da yake ana iya amfani da su wajen maye, methylphenidate da amphetamine na cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta tsaurara wa sa ido. Saboda haka ba a iya ƙara yawansu dare ɗaya. Amurka ta sanar da ƙarancin Adderall a Oktoban 2022, Birtaniya kuma ta fitar da gargaɗin ƙarancin magungunan ADHD a Satumbar 2023.

Masu cewa an mayar da mantuwa da kasala irin ta kowa cuta suna da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Amma barin larurar ba magani shi ma yana da farashi. Wani nazari a Denmark a 2015 ya nuna masu ita sun ninka sauran jama'a hatsarin mutuwa da wuri, galibi ta hanyar haɗurra. Wani a Sweden a 2012 ya gano aikata laifi na raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin maza a lokutan da suke shan magani. Kwamitin da NHS ta kafa a 2024 ƙarƙashin Farfesa Anita Thapar ya ce waɗanda aka gano a Ingila ba su kai yawan masu larurar ba, ya kuma ba da shawarar a horar da ƙarin ma'aikatan lafiya, kuma a fara tallafa wa mutum tun kafin sakamakonsa ya fito.

Darasi ga Najeriya

Idan ƙasar da ke ɗauke likitocinmu ta kasa, namu halin ya fi tsanani. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma jama'a na kallon asibitoci irin na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato a matsayin wurin masu taɓin hankali kaɗai. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba da damar gyara, amma doka ba ta duba majinyaci.

Haka kuma ƙasar da ta sha fama da kodin da tiramol ba za ta yi wasa da magani mai iya zama abin maye ba. Abin da ya faru a Ingila da Amurka ya nuna cewa toshe ƙofa ba ya rage masu nema, sai dai ya tura su hannun 'yan kasuwa. Matasanmu na kallon bidiyon da matasan Landan ke kallo, don haka buƙatar na nan tafe. Ya rage wa hukumomin lafiya su fitar da jagorar duba manya, su horar da likitocin manyan asibitoci, su kuma tanadi maganin ta hanyar da ake sa wa ido. Wanda kuma ke zargin yana da larurar, ya nemi ƙwararren likita, kada ya yanke wa kansa hukunci ko ya nufi kemis.