Gem Da Kuɗin Yaranmu

'Yan'uwa mazauna Kudu, da yawanmu a talabijin ɗin gida muka san Mario, amma ba can ya fara ba. Kamfanin Nintendo na Japan ne ya fito da shi a 1981 cikin wasan Donkey Kong, a wani akwati wanda sai an jefa masa kuɗi yake aiki. Shi ma Pong a mashaya ya fara a Amurka a 1972, kafin ya shiga gidaje.

Tun asali an ƙera su ne don a gama da wuri a sake biya, kuma tsarin da gidajen gem suka gada ke nan. Saboda haka wanda ya bar iyali a Farin Gada ta Jos yana aika kuɗin makaranta, ya bincika inda canjin yara ke zuwa. Ba mu ce a hana su wasa ba, amma lalle a ƙayyade musu lokaci da kuɗi.