Holan, ƙasar da kogi ke gudu a saman gidaje

Sunan Holan ya daɗe da shiga akwatin lefe kafin yawancin Hausawa su san inda ƙasar take a taswira. Atamfar da mata ke kira holan a garin Helmond ake buga ta, a kamfanin Vlisco da aka kafa tun 1846. Madarar Peak ta teburin mai shayi ma asalinta can ne, kuma masu kallon ƙwallo ba su manta da Tijjani Babangida ɗan Kaduna a rigar Ajax ba. Shi ya sa matafiyi kan sauka a filin jirgin Schiphol da zaton ya san mutanen. Kwana biyu sun ishe shi ya gane kayansu kawai ya sani.

Ƙasar ce ke fara ɗaure masa kai. Ta tagar jirgin ƙasa zai gan ta a shimfiɗe kamar faifai, ba tudu ba dutse, sai ciyawa kore shar, da shanu masu dabbare-dabbaren baƙi da fari, da magudanan ruwa miƙe sambal har inda ido ya tsaya. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yana ƙasa da teku, har da filin jirgin da ya sauka. A wasu ƙauyuka mutum na tsaye bakin gona sai ya ɗaga kai ya ga kwalekwale na wucewa sama da shi, don ruwan yana bisa, gidaje suna ƙasa, ganuwa ce kaɗai a tsakani.

Mutanen ƙasar sun san abin da ke faruwa idan ganuwar ta gaza. A daren 31 ga Janairun 1953 guguwa ta haɗu da cikar teku, ruwa ya fasa ganuwowi a kudu maso yammacin ƙasar mutane na barci, aka rasa rai 1,836. Daga nan suka ɗaura ɗamarar aikin da ya ci fiye da shekara 40. A 1986 aka buɗe madatsar Oosterschelde mai ƙofofin ƙarfe 62, waɗanda ke zama a buɗe sai teku ta yi fushi a sauke su. A 1997 aka kammala ta Maeslant, mai tsare hanyar tashar jiragen ruwa ta Rotterdam. Tun kafin wannan, a 1932, sun datse wani ɓangaren teku da ganuwa mai tsawon kilomita 32, daga baya suka tsotse ruwan wani yanki suka mai da shi lardin Flevoland. Birnin Almere, mai mutum sama da 200,000, a inda masunta ke jefa koma a da yake zaune.

Amma siminti da ƙarfe kowace ƙasa mai kuɗi tana iya saye. Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne hukumomin ruwa na yankuna, waɗanda asalinsu ya kai ƙarni na 13. Yau guda 21 ne. Kowace tana karɓar harajinta, ana zaɓen wakilanta duk shekara 4, kuma babban aikinta duba ganuwa, yashe magudana, tace ƙazamin ruwa da kula da injinan famfo. Injinan iska 19 na Kinderdijk da baƙi ke ɗaukar hoto a gabansu, wajajen 1740 aka gina yawancinsu don kwashe ruwa daga gonaki. Manomin da ya yi sakaci da nasa yankin ganuwar, maƙwabtansa duka ya nutsar, don haka tun kaka da kakanni suka saba da zama a yi lissafi, kowa ya biya rabonsa.

Wanda ya gane wannan zai fi yi wa halinsu adalci, domin halin yana da zafi ga mai kunya da kara. Mutumin Holan ba ya kewaye-kewaye. Idan shawararka ba ta yi masa ba, a gaban jama'a zai ce ba ta yi ba, ko kai ne shugabansa a wurin aiki. Ba a faɗa wa mutum gida da sallama kawai, sai an duba littafin alƙawari an sa rana, wani lokaci mako biyu gaba. Abokai su ci abinci tare, washegari wanda ya biya ya turo wa kowa saƙon Tikkie a waya yana neman kasonsa. Ga wanda ya tashi da jin baƙonka annabinka, wannan rowa ce ƙarara, kuma gaskiya akwai sanyin zumunci a ciki da ke sa baƙo kaɗaici, musamman a hunturu da duhu ke rufawa tun kafin ƙarfe biyar. Sai dai wanda ya ce zai zo ƙarfe tara, tara zai zo. Girman kai kuma abin kunya ne a wurinsu. Kekuna sun fi mutane yawa, kuma Mark Rutte yana firaminista ya sha zuwa ofis a kan keke.

Abinci kam ba nan suka yi fice ba. Na rana burodi ne da yankan cuku da kofin madara. Ƙarfe shida na yamma a ci dankali da aka kirɓa da ganye, wanda suke kira stamppot, ba yaji ba daddawa. A bakin kasuwa za a ga mutum ya kama ɗanyen kifin haring ta wutsiya, ya dangwala a yankakkiyar albasa, ya ɗaga kai ya zura. Abin da baƙo zai yi kewarsa shi ne stroopwafel na garin Gouda, siraran waina biyu da zaƙi mai danƙo a tsakiya, a ɗora ta a bakin kofin shayi har ta yi laushi. Mai neman yaji sai ya nufi gidajen abincin 'yan Indonesiya da Suriname, ƙasashen da Holan ta yi wa mulkin mallaka. Musulmi ya riƙa tambaya kafin ya ci, don naman alade na shiga miyar wake ta hunturu, amma mahautan Turkawa da 'yan Maroko suna nan a kowane babban gari.

Ba a ce ƙasar ba ta da tabo ba. Kyawawan gidajen bakin ruwa na Amsterdam, wasunsu da ribar cinikin bayi aka gina su, kuma a 1637 Holan ta ƙwace sansanin Elmina da ke Gana ta yau. Sai a 2023 Sarki Willem-Alexander ya nemi gafara. A shekarar ce kuma jam'iyyar Geert Wilders, wanda ya yi suna da ƙin Musulunci, ta fi kowace samun kujeru a majalisa.

Duk wanda Allah ya kai shi ƙasar, kada ya ƙare kwanakinsa a kantunan Amsterdam. Ya ware yini guda ya je ƙauyen Ouwerkerk a lardin Zeeland. Gidan tarihin ambaliyar 1953 yana cikin manyan akwatunan siminti huɗu da aka toshe ɓarakar ƙarshe da su a Nuwamban 1953. A ciki an rubuta adadin mamatan 1835+1, ɗayan kuwa jariri ne da aka haifa a daren, ruwa ya tafi da shi kafin a rubuta sunansa.