Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

Jama'a, akwai wata tambaya da ya kamata kowane ɗalibi da kowane uba a ƙasar Gwiwa ya yi wa kansa. Idan muka ga gurgu ko makaho a bakin kasuwa ko a ƙofar masallacin Juma'a, muka jefa masa Naira hamsin a ƙoƙo, shin mun sauke nauyin da ke kanmu ke nan? Ni dai a ganina ba mu sauke ba. Sadaka abu ne mai kyau, kuma tana da lada, amma wanda aka ba yau, gobe ma sai ya dawo ya zauna a wurin. Taimakon da ya fi shi ne wanda zai sa mutum ya ci da kansa, ya fita ya dawo ba tare da jiran wani ya ɗauke shi ba. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana shi ne, hutu uku ke nan ina aikin sa kai da wata ƙaramar ƙungiya ta taimakon naƙasassu, waɗanda yanzu ake kira masu buƙata ta musamman. Ba a biyanmu ko sisin kwabo. Aikinmu mu ɗalibai bai wuce rubutu da aike ba. Mukan bi unguwa-unguwa da ƙauyuka, kamar su Korayel da Buntusu, mu gai da mai gari, sa'an nan mu shiga gidaje da izinin masu su, mu rubuta sunan mai naƙasa da shekarunsa da abin da yake so ya koya. Mukan cika wa mutane takardu, mu raka su wurin yin katin ɗan ƙasa, mu kai keken da ya lalace wurin mai gyara. Manyan ƙungiyar kuwa su ne ke neman tela ko baduku ko mai gyaran waya da zai karɓi yaro ya koya masa sana'a, su ne kuma ke riƙe da kuɗin adashi.

Abu na farko da wannan aiki ya nuna mini shi ne, naƙasasshe ya fi kowa sanin abin da yake bukata. A ƙungiyar nan ba a yanke shawara sai da bakinsu, yawancin shugabannin ma su ne. Ga misali. Mai kuɗi yakan sayo keken asibiti mai ƙafa huɗu daga ƙasar waje, ya raba, a ɗauki hoto. To, keken nan an yi shi ne domin daɓen siminti. A hanyoyinmu masu rairayi da tsakuwa sai ya kafe, dole a sami mai turawa, in kuma taya ta karye babu inda za a sami irinta. Guragun da kansu suka ce su keke mai ƙafa uku suke so, wanda ake tuƙawa da hannu, irin wanda masu walda ke ƙerawa a Kano da kayan keken hawa. Kowane mai facin keke a Gwiwa ko Roni zai iya gyara shi. A Kano ma guragu ne ke ƙera wa 'yan'uwansu irin waɗannan kekuna, a ƙungiyar waɗanda shan inna ta shafa, wadda Malam Aminu Ahmad Tudun Wada ya daɗe yana jagoranta.

Wannan ra'ayi na a bar mutum ya riƙe ragamar rayuwarsa yana da tarihi. A Amurka an yi wani mutum mai suna Ed Roberts, wanda shan inna ta kama shi a 1953 yana ɗan shekara 14, har ya zama da dare sai a cikin injin numfashi yake kwana. Hukumar da ke kula da naƙasassu ta jiharsu, Kalifoniya, ta ce ba zai taɓa iya aiki ba. Duk da haka ya shiga jami'a a garin Berkeley a 1962. A 1972 naƙasassun garin suka kafa cibiyar zama da ƙafafun kai, wadda su ne ke tafiyar da ita, shi kuma ya shugabance ta. Daga baya gwamnan jihar ya naɗa shi shugaban hukumar nan da ta ce ba zai iya kome ba.

Mu ma ba sai mun je Amurka neman misali ba. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma shi ya tsara Waƙar Imfiraji da ake karantawa a makarantu da jami'o'i har yau. Mun kuma karanta a darasin addini cewa Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, amma yana kiran salla a Madina, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan bar shi ya ja wa mutanen Madina salla idan ya yi tafiya. Ashe gaskiyar masu iya magana ce da suka ce babu naƙasasshe sai kasasshe.

Wani zai ce, ai wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, kuma gwamnati ta taɓuka. A 2007 Gwamna Sule Lamido ya fara biyan wasu naƙasassu na Jihar Jigawa Naira 7,000 kowane wata, domin a rage bara. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ware musu kashi 5 cikin 100 na ayyukan gwamnati, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara ƙofofinsu yadda mai keke zai shiga, ta kuma sa tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna bambanci. A 2020 aka kafa hukumar naƙasassu ta ƙasa. To amma wa'adin shekara biyar ɗin ya cika tun Janairun 2024. Kowa ya duba ofisoshi da azuzuwa da masallatan da yake shiga, ya ƙirga nawa ne gurgu zai shiga a kan kekensa ba tare da ya sauka ya ja jiki ba. Doka tana takarda a Abuja, matakala kuwa tana nan a ƙofar ajinmu. Buhun siminti ɗaya ko biyu da yashi da aikin gayya na yini guda sun isa a yi gangaren da keke zai hau. Wannan ba sai mun jira kowa ba.

Wani kuma zai ce, akwai waɗanda naƙasarsu ta yi tsanani, ba za su iya sana'a ba. Wannan ma gaskiya ne, na gan su da idona. Amma dogaro da kai matakai gare shi. Tsohuwar da aka kafa wa igiya daga ɗakinta zuwa bayan gida, ta daina jiran jika ta ja mata sanda, ta sami wani abu na 'yancinta. Yaron da aka yi wa kujera mai madogari, ya zauna ya ci tuwo da hannunsa tare da sauran yara, shi ma ya samu. Kuma duk makahon da ya iya fita shi kaɗai, to an 'yantar da ɗan jagora, ya koma makaranta. Sau nawa muke ganin yaro tsaran ƙannenmu yana jan sanda a kasuwa a lokacin da ya kamata yana cikin aji?

A nan ina da roƙo ga iyayenmu, Allah ya ƙara musu girma. Wasu gidajen suna ɓoye yaro mai naƙasa a ƙuryar ɗaki saboda kunya, wasu kuma suna tura shi Kano bara. Wasu don tsananin tausayi ba sa barinsa ya ɗauki ko tsinke, har ya girma bai iya kome ba. Ran da iyaye suka kau, wa zai riƙe shi? Makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki a Kano ta daɗe tana koyarwa. Makaho yana karatu da yatsunsa ta rubutun da Louis Braille, wani makaho ɗan Faransa, ya ƙirƙiro a 1824. Kurma yana karatu da maganar hannu. Gurgu kuwa babu abin da ya hana shi zama aji ɗaya da mu, in dai akwai keke da ƙofar da zai bi. Haka kuma kada a yi wasa da rigakafi. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar cewa asalin ƙwayar cutar shan inna ta ƙare a Afirka, amma ana ci gaba da ɗiga wa yara magani domin kada a koma gidan jiya.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, hutunmu yana ƙarewa ne a zaman majalisa da latsa waya. Mun iya karatu da rubutu, mun iya lissafi, muna da ƙafafun zuwa aike. Abin da ƙungiyoyin nan suke nema ke nan. Wanda ba shi da ƙungiya a garinsu, ya je wurin Sarkin Makafi ko Sarkin Guragu ya yi gaisuwa, ya tambayi abin da zai iya yi. In kuma za ka ɗinka riga ko ka gyara takalmi, ka kai wa naƙasasshe mai sana'a, ka biya shi cikakken kuɗinsa, ka kuma yi masa magana in aikin bai yi kyau ba, kamar yadda za ka yi wa kowa. Ina kuma ba hukumar makarantarmu shawara ta kafa ƙungiyar ɗalibai ta wannan aiki, mu fara da gyara ƙofar azuzuwanmu da bayan gida kafin ranar 3 ga Disamba, wadda ita ce ranar naƙasassu ta duniya.

Lafiya aro ce. Haɗarin babur ɗaya a hanyar Kazaure ya isa ya mai da mai gudu mai rarrafe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka mu haɗa hannu tun muna da ƙarfi. Allah ya ba mu ikon yi, amin.