Ku daina cewa resilin ɗin Japan ya mutu

'Yan uwa ɗalibai, wannan rubutun na masu kallon resilin ne. Wanda zai zo ya ce min "ai shiryawa ake yi", don Allah ya wuce, mun sani. Fim ma shiryawa ake yi, amma har gobe kuna ƙona data a kansa.

Maganar da nake ta ji a hostel ita ce wai kamfanin New Japan ya gama yawo tunda manyansa suka watse. Gaskiya ne an watse. Jay White ya tafi a 2023. Will Ospreay da Kazuchika Okada suka koma AEW ta Amurka a farkon 2024, sannan Tetsuya Naito ya bar kamfanin a 2025. Sai kuma Hiroshi Tanahashi, wanda ya riƙe kamfanin lokacin da babu mai kallonsa, ya yi wasansa na ƙarshe ranar 4 ga Janairu 2026 a Tokyo Dome, da Okada ɗin da kansa. Duk wanda ya ce wannan ba giɓi ba ne, bai san harkar ba.

Amma masu kiran Okada butulu, ku tsaya. A 2024 sai da dala ɗaya ta haura yen 160. Mu da muka ga abin da ya sami naira, wa zai yi mana bayanin wannan? Mutum ya shafe sama da shekara goma yana faɗuwa a kan wuyansa, ga mai biya da dala ya kira shi. Kuma sana'ar nan ba ta da tabbas: Mitsuharu Misawa a tsakiyar wasa ya yanke jiki a 2009, bai ƙara tashi ba. Ni dai ban ga laifin Okada ba ko kaɗan.

Dalilin da ya sa nake cewa kamfanin bai mutu ba shi ne gidan horonsu. Tun da Antonio Inoki ya kafa shi a 1972 (eh, shi ne wanda ya kara da Muhammad Ali a 1976) suke da tsarin rainon yara. Yaro zai shiga ya yi shara, ya dafa wa manya abinci, ya ɗauki jakunkunansu. Idan ya fara fita wasa, baƙin ɗan kamfai da baƙin takalmi kawai zai sa, ba ado, 'yan dabaru kaɗan aka yarda ya yi, kuma yawanci shi ake kayarwa. Bayan shekaru sai a tura shi ƙasar waje, Meziko ko Ingila ko Amurka, ya ƙaro ilimi ya dawo da sabuwar kama. Shi kansa Okada haka aka yi masa. An tura shi Amurka, can ma ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Ya dawo a Janairun 2012, wata ɗaya kacal ya kayar da Tanahashi ya karɓe babban kambu yana ɗan shekara 24.

To a nan ne nake da ƙorafi. Ƙarfin halin da suka yi a 2012 shi ne suka rasa bayan tafiyar Okada. Ga Yota Tsuji, ga Shota Umino, ga Yuya Uemura, ga Ren Narita, duk 'yan gida ne. Tsuji har ya ci gasar New Japan Cup a 2024. Amma babbar gasar G1 ta wannan shekarar Zack Sabre Jr. ɗan Ingila aka bai wa. A farkon 2025 Hirooki Goto ya ɗauki kambu yana da shekara 45. Na ji daɗi wallahi, bawan Allah ya daɗe yana jira, amma wannan sallamar tsoho ce. G1 ta 2025 kuma Konosuke Takeshita ya ci, gwani ne ba musu, sai dai ƙafarsa ɗaya tana AEW. Shekara biyu aka yi ana jan ƙafa, yaran suna ta girma a layi.

Yanzu Tanahashi, wanda shi ne shugaban kamfanin tun Disambar 2023, ya ajiye takalmi, ba sauran inuwar da za a fake. Sun kuma ɗauko Aaron Wolf, mai lambar zinare a judo a gasar Olamfik ta Tokyo. Sunansa zai jawo 'yan kallo, amma ni idona yana kan Tsuji da Uemura.

Wanda yake son gwadawa, Japan ta riga mu da awa takwas, wasan yammacinsu da safe yake zuwa mana, daidai lokacin lakca. Kar wanda ya gudu daga aji ya ce ni na sa shi, ku jira Asabar ko Lahadi. Ku fara da wasan Okada da Kenny Omega na Janairun 2017, minti arba'in da wani abu ne, ku tanadi data da caji. Sannan ku dawo nan mu yi musu.