“Ai shafawa ce, ba sha ba”: zare kan man bilicin da juna biyu

1/ Jiya na ga wata mai haɗa mai a Instagram, an tambaye ta ko mai ciki za ta iya shafa haɗinta. Amsarta: “Sosai ma Hajiya, organic ne, kuma ai shafawa ce ba sha ba.” Tun jiya maganar nan ke ci na. Ku zauna mu yi ta.

2/ Fata ba leda ba ce, tana tsotsa. Hydroquinone, sinadarin da ke cikin mayukan bilicin da yawa, kashi 35 zuwa 45 cikin ɗari na abin da kika shafa yana shiga jiki. Shi ya sa likitoci ke cewa mai ciki ta ajiye shi. Kuma ke ba ɗan tabo kike ɗiga wa ba, daga goshi har tafin ƙafa ne, safe da dare.

3/ Wanda ya fi tayar min da hankali zaiba ce. A jikin kwali za ki ga mercury, calomel ko mercurous chloride, in ma an rubuta ke nan. Tana ratsa mabiyiya ta kai ga ɗan tayi, tana fita a ruwan nono, kuma abin da take taɓawa ƙoda ne da ƙwaƙwalwar da ake kan ginawa.

4/ Ba a nan ta tsaya ba. Tana maƙalewa a hannu, tawul, zanin gado. Yanzu ki tuna ina jinjiri ke kwantar da fuskarsa: ƙirjinki. Yatsan wa yake kamawa ya kai baki? To. Yaron da bai taɓa shiga kasuwa ba yana bilicin da ke.

5/ Sai ɗan tub ɗin nan da ake matsewa cikin haɗi don ya yi “saurin kamawa”. Clobetasol ne ko danginsa, maganin cutar fata mai ƙarfi da likita ke rubutawa na ɗan lokaci. An yi bincike a Dakar kan masu ciki da ke bilicin da irinsa, aka ga sun fi haifar jarirai marasa nauyi.

6/ Ga masu skincare na gayu: retinol da tretinoin ma a jingine su har a sauka. Ƙwayar isotretinoin ta ƙuraje kuwa babu wasa, tana nakasa ɗan tayi.

7/ “Ni nawa organic ne.” Wa ya auna? Roba ce babu jerin sinadarai, babu lambar NAFDAC, sai sitika da lambar waya. Kurkur da zuma ba sa mayar da mutum fari cikin sati biyu, wallahi. In ya yi, akwai abin da aka zuba ba a gaya miki ba. NAFDAC da kanta a 2023 ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya.

8/ Kuma kada maza su zo nan suna tafi. Kai da matarka ta yi duhu da ciki ka ce “kin koɗe”, da ƙawayen da ke cewa sai mai jego ta haska ranar suna, da masu tsorata ta da kishiya, ku ne ’yan tallan mai haɗin, ba ta ma biyan ku.

9/ Duhun fuska da wuya da ciki ke kawowa aikin sinadaran jiki ne, yawanci yana raguwa bayan haihuwa. In ya dame ki akwai azelaic acid, bitamin C, man kare rana mai zinc oxide. Bushewar fata kuma man kaɗanya ya isa.

10/ In kina shafawa kafin ki san kina da ciki, kada ki firgita, kada kuma ki ɓoye. Wanda ya daɗe da clobetasol ba a yanke shi dare ɗaya, likita ne zai nuna yadda za a rage. Ranar awo ki saka robar a jaka, ki ajiye a kan tebur ki ce ga abin da nake shafawa, wata kaza.