Kafin Mu Ce A Turo Soja, Mu San Mece Ce Birged

Duk lokacin da wuta ta tashi a kudancin Jihar Kaduna, kamar rikicin Kafanchan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992, kuka ɗaya ake ji daga kowane ɓangare: a turo soja. Ana kuwa turowa. In ƙura ta lafa su naɗe kaya su koma. To, yau bari mu duba yadda ake shirya sojan ƙasa, don mu san abin da muke roƙo.

Soja hawa-hawa ne. Mutum wajen goma ƙarƙashin Kofur su ne sashe. Sashe uku su ne filatun, Laftana ke jan ta. Filatun uku su ne kamfani, a hannun Manjo. Kamfanoni kuma su haɗu su tada bataliya, wadda Laftana-Kanar ke riƙe da ita. Galibi bataliya uku ke yin birged, shugabanta Birgediya. Amma masu bindiga kaɗai ba su isa ba. Sai an haɗa da masu igwa, da injiniyoyin gada da hanya, da masu waya, da likitoci, da masu jigilar abinci da harsashi. Wato birged gari ne sukutum mai ɗauke da kansa.

Kakanninmu sun san wannan tun Yaƙin Hitila. A 1944 Birged ta 3 ta Afirka ta Yamma, wadda ta ƙunshi Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na Nijeriya, ta shiga dajin Bama cikin rundunar da Janar Wingate ya kafa. Aikinta tsaron sansanoni a bayan Japanawa. Ba hanyar mota. Abinci da harsashi ta jirgin sama ake jefo musu. Da jigilar nan ta yanke, da jarumtaka ba ta hana su yunwa ba.

Bayan samun mulkin kai, birged biyu kacal Nijeriya ke da su: ta ɗaya a Kaduna, ta biyu a Ikko. Bataliya ta 3 a Kaduna da ta 5 a Kano suna ƙarƙashin ta ɗaya. Ba maƙiyi ne ya karya ta ba, daga ciki ta tsage. A daren 15 ga Janairun 1966 ƙananan hafsoshi suka kashe shugabanta, Birgediya Samuel Ademulegun, a gidansa. Daga ran nan amana ta mutu a bariki, har aka kai ga yaƙin basasa a 1967, inda aka faɗaɗa ta, ta zama Runduna ta Ɗaya ƙarƙashin Muhammadu Shuwa.

Darasi biyu ke nan: soja ba ya ɗorewa sai da tanadi, tanadi kuma ba ya amfani sai da amana. Kudancin Kaduna ba baƙon soja ba ne. Makarantar igwa tana Kachia, kuma ƙasar ce ta ba mu Janar Martin Luther Agwai da Janar Luka Yusuf, waɗanda kowannensu ya shugabanci sojan ƙasa. A 2017 ma an yi sharar daji mai suna Harbin Kunama. Amma harbin kunama na dare ɗaya ne.

Saboda haka abin da ya kamata dattawan yankin su nema shi ne soja mazauni, mai motoci da waya da asibiti, wanda ya san kowace ruga da kowane ƙauye, wanda Bajju da Atyap da Bafillace da Bahaushe za su kai wa ƙara ba tare da tsoro ba. Ita kuwa hukuma ta tuna, soja raba faɗa yake yi, alƙali ke kashe shi.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.