Ra'ayinmu: Wa Zai Riƙi Yaro Mai Naƙasa?

Riƙo tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Goggo kan ɗauki 'yar ɗan'uwanta, kawu kan ɗauki ɗan 'yar'uwarsa. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: lafiyayyen yaro ake rububi, wanda zai yi aike da talla. Kurma da makaho da mai farfaɗiya kuwa, sau da yawa ƙoƙon bara ne rabonsu.

Mu dubi Kakuri. Rufe masaƙar KTL a 2002, da sauran masaƙun da suka bi bayanta, ya raba dubban magidanta da albashi. Gidan da na tuwo ya gagara, ina zai samo kuɗin keken guragu ko maganin wata-wata?

Jihar Kaduna ta kafa dokar kare yara a 2018, Gwamnatin Tarayya kuma ta sa hannu kan dokar hana wariyar naƙasassu a 2019. Madalla. Sai dai doka ba ta yi wa yaro wanka, ba ta kwana da shi a asibiti.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai da ƙananan ma'aikata: ranar da kuka kafa gida, ku waiwayi dangi. Gwamnati kuma ta horar da mariƙa, ta ba su alawus, ta riƙa tura jami'anta duba yaran, kada riƙo ya koma bauta. Ɗa na kowa ne.